Sharhina kan kit ɗin gyaran kan firinta: ruwan wankin ya yi aiki, amma damfa ce ta fitar da ni

Na ce bari in rubuta wannan don masu injin buga bana da sitika irin nawa, saboda wallahi saura kaɗan in cire kan firinta mai lafiya in jefar. Injina mai faɗin mita 1.6 ne, tawadar eko-solbent yake sha, kan shi kuma DX5 ne na Epson, mai layi 8 kowane layi da ƙananan ramukan fesa tawada da ake kira nozul guda 180, wato 1440 ke nan gaba ɗaya. Tafiya ta kama ni na bar shi a kashe kwana tara, ko gwajin nozul babu wanda ya buga, da na dawo na kunna na buga gwaji sai ga baƙi da giɓi-giɓi, majenta kuwa, wato launin ja-ja ɗin, kusan rabin layin babu. Na yi abin da kowa ke yi, na danna kilinin, wato injin ya zuƙi tawada ya wanke kan, na sake dannawa, har sau shida a jere, tawada na ta zuba a kwalbar datti amma abu sai ƙara lalacewa yake. Daga nan ne na yi odar kit ɗin: kwalbar ruwan wanki, sirinji biyu da ɗan tiyo, damfa takwas wato 'yan robobin da ke tace tawada a saman kan, sabon kyaf wato murfin da kan ke zama a kai, waifa guda wato robar da ke share ƙasan kan, da 'yan sandunan goge-goge masu soso a baki.

Kafin kayan su iso na baza takardun gwajin a tebur ina kwatanta su ɗaya bayan ɗaya, a nan ne na gane ashe ciwo biyu ne ba ɗaya ba. Giɓin baƙin nan wuri ɗaya yake a kowace takarda, ko motsi ba ya yi, wannan toshewa ce ta gaske, tawada ta bushe a bakin ramukan. Na majenta kuwa yawo yake, a wannan takarda yana sama a waccan ya koma tsakiya, wani lokaci ma bayan kilinin sai ya fito cas kamar ba abin da ya faru, in ka sa bana ya tafi kamar rabin mita sai jan ya fara dusashewa, fuskar mutanen da ke jikin hoton ta koma kore-kore. Wannan ba toshewa ba ce, tawada ce ba ta isowa kan yadda ya kamata, ko iska ta shiga layi. Duk ruwan wankin duniya ba zai gyara wannan ba.

To ruwan wankin dai. Na goge gefen kan da sandar soson a hankali, na matse tiyon datti da kilif don kada ruwan ya tsiyaye, na cika kyaf ɗin, na mayar da kan ya zauna a kai na kashe injin na bar shi ya kwana. Da safe kilinin ɗaya mai sauƙi, kusan rabin giɓin baƙin ya cike. Na sake jiƙa shi dare na biyu, sai ya rage ramuka biyu kacal, waɗanda in ana bugu da fas shida ko takwas, wato kan ya bi ta wuri ɗaya sau shida ko takwas, ido ba ya kama su. Gaskiya ruwan ya burge ni, sai dai ba na mai gaggawa ba ne, yana son haƙuri. Warin shi kuma da ƙarfi, a buɗe taga a sa safar hannu. Kuma don Allah a duba irin tawadar da ake amfani da ita kafin a saya, ruwan wankin tawadar ruwa daban na solbent daban, in ka haɗa wanda bai dace ba tawadar dunƙulewa take a cikin kan, ka je neman gira ka rasa ido.

Damfar ce abin da nake so in fi daɗewa a kai. Ga wanda bai taɓa buɗewa ba, wata 'yar roba ce da ke zaune a saman kan, tana da matata a ciki da wata siririyar leda a gefe, ita ke tace tawada, ta riƙe kaɗan a ajiye, ta kuma daidaita matsi lokacin da kan ke kai-kawo. Da na zare ta majenta na ɗaga ta wajen haske, kusan wayam take sai kumfa a sama, matatar ta yi duhu da guntun busasshiyar tawada, ledar ma ta saki ba ta lotsawa ta dawo kamar sauran. Shi ya sa in an yi kilinin famfo ya ja da ƙarfi sai ta ɗan cika gwaji ya yi kyau, da bugu ya yi nisa sai ta kasa biyan buƙatar kan. Na sa sabuwa, na ja tawada da sirinji ta ƙasanta har ta cika, na mayar. Na buga jan zalla tsawon mita uku ina tsaye a kai ina kallo, daga farko har ƙarshe launi ɗaya, kai ranar na ji sanyi a raina.

Kyaf ɗin ma da laifinsa, leɓen robar ya yi tauri da tsohuwar tawada har ya ɗan tsage a kusurwa, ke nan duk kilinin shidan nan da na yi iska famfo ke zuƙa ba tawada sosai ba, kuma ta nan ne kan ya bushe da ina tafiya. Sabon ya zauna daram, yanzu in ana kilinin ina ganin tawada na gudu a tiyon datti ba yankewa.

Inda kit ɗin ya ɓata min rai shi ne babu ko 'yar takardar bayani a cikin kwalin, alhali sun sa sirinji. Sirinjin nan yana iya kashe kan firinta a minti ɗaya. Kan irin wannan na fiyezo ne, wato da matsi yake fesa tawada ba da zafi ba, ɗakunan tawadar da ke ciki sirara ne manne da gam, in ka tura ruwa da ƙarfi sai bangon da ke tsakanin launuka ya ɓalle su gauraye, shi ke nan babu gyara. Ni ban tura komai ta cikin kan ba, ja kawai na yi ta damfa. Haka kuma ɗigo ɗaya in ya sauka a kan kebul ɗin ribon, wato faffaɗar wayar da ke shiga kan, ka kunna wuta, kan da bod wato allon lantarkin injin duka suna iya ƙonewa, don haka a zare filogi daga bango tukuna, a bar wurin ya bushe sarai. Ya kamata mai sayarwa ya rubuta wannan ko da layi biyar ne. Sannan ɗaya daga cikin damfa takwas ɗin zoben robarta bai kama da kyau ba, tana shan iska, sai da na canza ta da wata, sandunan soson kuma sun yi kaɗan, kwana huɗu suka ƙare.

Yau sati uku ke nan, kullum da safe ina buga gwajin nozul in rubuta kwanan wata a gefe in ajiye, in goge waifa da leɓen kyaf kafin in tashi aiki. Zan sake sayen ruwan wankin, damfa kuma na riga na yi odar wasu daban, don ta ɗorawa ma na ga matatarta ta fara duhu.