Gargaɗi ga masu zuwa wajen kiɗa da keke: a kula da 'yan "ajiya" na bakin ƙofa

Assalamu alaikum. Wannan saƙo ne ga duk wanda yake zuwa wajen wasan kiɗa a Kano a kan keke, ko yake da ƙane ko ɗa mai zuwa. Akwai wasu samari da suka ƙirƙiro sana'ar ajiye kekuna a ƙofar wurin wasa, kuma ba masu shirya wasan ne suka sa su ba. Sun cuce ni sau ɗaya, saura ƙiris su cuce ni na biyu a kan keken nan guda.

Ni dai ba don sha'awa na fara hawa keke ba. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai na jingine babur a zaure. Acaɓa kuwa tun 2013 aka hana shi a Kano, Adaidaita Sahu kuma daga Na'ibawa zuwa wurin aikina sai na hau biyu. Na tara kuɗi na sayi keke na gwanjo mai giya, na sa masa kariya da ƙararrawa. Kullum da safe ina biyo Titin Zariya ta Unguwa Uku, in wuce Dangi, ina ratsa cunkoso ina barin masu motoci suna ta hon. Tun ina jin cinyoyina kamar ba nawa ba har na saba, har ya zama ko ranar hutu sai na nemi dalilin fita da shi.

Abu na biyu da ya kamata ku sani shi ne ni mayen kiɗa ne, amma wanda ake yi a gabanka. Wanda za a sa filashi a kwamfuta mawaƙi yana motsa baki bai dame ni ba. Ina son in ga mai kalangu yana matse tsarkiya da hammata, in ji 'yan amshi sun ɗauka, in ga mai gurmi ya sunkuyar da kai ya manta da mu. Saboda haka da na ji za a yi wasa a wani wurin taro bayan Sallah, ban yi wata-wata ba. Ba zan faɗi sunan wurin ba, domin ba su da hannu a abin da ya faru.

Na isa bayan Isha'i. Can gefen ƙofa, inda hasken fitilar wurin yake ƙarewa, na tarar da samari uku sanye da rigunan nan masu ɗaukar ido irin na ma'aikatan hanya. Sun ɗaura igiya tsakanin sanduna biyu, sun kafa ɗan tebur, a kai ga littafi ga biro ga katuna na kwali masu lamba, har da hatimi. A bayan igiyar kekuna kusan shida a jere reras. Ɗaya daga cikinsu ya taryo ni da fara'a.

"Sannu da zuwa Yallaɓai. Nan ne wurin masu keke, ba a shiga da shi ciki. Naira 200 ce."

Na biya. Ya tura min littafin ya ce in rubuta suna da lambar waya, "saboda tsaro". Na rubuta. Ya ba ni kati mai lamba 14, ya ɗaura ɗan'uwansa a kan keken da zare. Na ciro sarƙata da kwaɗo zan ɗaure shi a jikin turken wuta, sai ya ce, "A'a Yallaɓai, kar ka kulle. In mota za ta fita gusar da su muke yi. Ai aikinmu ke nan, muna nan har a tashi."

Wannan maganar ita ce damfarar gaba ɗaya, kuma na ji ta da kunnena, na mai da sarƙar cikin jaka. Daga ciki an fara gwada lasifika, hankalina ya riga ni shiga.

Wajen sha ɗaya da rabi muka fito. Igiya tana ƙasa, babu tebur, babu samari, babu keke ko ɗaya. Mu tara muka tsaya kowa da katinsa a hannu kamar masu layin asibiti. Wani ɗalibi a cikinmu ya zauna a ƙasa, keken yayansa ne ya aro. Mai shayin da yake tsallaken titi ya ce tun wajen goma wata a-kori-kura ta zo aka loda su a natse, ba gaggawa ba waige, shi ya ɗauka hukuma ce take kwashe kayan da suka tare hanya. Muka je wa masu shirya wasan, suka ce ba su san da wasu masu ajiya ba, su ma sun zaci 'yan unguwa ne suke neman na abinci. Kekunan da na tarar a jere kuwa, yanzu na gane nasu ne, tarko ne don wanda ya zo ya ga ba shi ne farau ba.

Kwana biyu bayan nan aka kira ni. Murya ta dattijo, a natse, da sallama cikakkiya. Ya ce su 'yan sintiri ne na wata unguwa a bayan gari, sun kama yara da kekunan sata, kuma akwai nawa a ciki. Ya faɗi launinsa, ya faɗi kariya, ya faɗi har robar da nake ɗaure jaka da ita. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Sannan ya ce sai dai yara sun ƙona mai wajen bin ɓarayin, ga kuɗin rubuta takarda, in turo naira 15,000 kafin su kai kayan ofishin 'yan sanda, "don in ya shiga can, ɗana, sai ka yi wata kana sintiri." Ya turo lambar asusu na irin bankunan nan na waya.

Allah ya sa a rumfar mai gyaran kekena nake zaune, na je yi masa ƙorafi. Dattijo ne da ya shekara talatin yana faci. Yana jin komai, bai ɗago daga tayar da yake dubawa a ruwa ba, ya ce, "Da wane suna ya kira ka?"

Na yi shiru. Sunan da mutumin ya kira ni da shi laƙabi ne na abokai. Ba shi ne a katin ɗan ƙasa ba, ba shi ne a layina ba. Wuri ɗaya tak na taɓa rubuta shi tare da lambata: littafin nan na kan tebur.

Na sake kira na ce, "Baba, ku faɗa min unguwar, in zo da kuɗin a hannu in ga keken." Ya ce a'a, dokarsu sai an tura tukuna. Na ce to a turo hoto. Ya kashe. Da na saka lambar asusun a manhajar banki don in ga sunan da zai fito, sunan mace ne. Na kira biyu daga cikin waɗanda muka yi musayar lamba a daren. Duk an kira su. Ɗaya ya riga ya tura 10,000, aka ce ya ƙaro 5,000 na "mai unguwa", daga nan layin ya mutu.

Ba ina cewa duk mai tsaron keke ɓarawo ne ba. A kasuwanni da masallatan Juma'a akwai bayin Allah da suka shekara suna wannan aiki, kowa ya san su, kuma da shi suke ci da iyali. Bambancin a fili yake in mutum ya natsu. Mai tsaro na gaskiya ba ya damuwa don ka kulle kekenka, ya ma fi son haka. Ba ruwansa da lambar wayarka. Kuma in ka tambayi mai shayi ko mai kanti na kusa, za su ce maka wane ne, ɗan gidan wane ne. Riga mai ƙyalli da hatimi kuwa, a kasuwa ake sayen riga, hatimi kuma ko'ina ana sassaƙa shi. Kafin ka saki keke, taka zuwa wurin mai karɓar tikiti ka tambaya ko nasu ne. Minti ɗaya ne, ni ban yi ba.

Da na kai rahoto, tambaya biyu aka yi min: ina rasit, kuma mece ce lambar jikin keken. Ba ni da ko ɗaya. Ban ma san keke yana da lamba ba sai ranar. Yawanci tana ƙasan firam, daidai inda feda take juyawa. Ka kifa keken, ka goge laka, za ka gan ta a buge a jikin ƙarfe. Ka ɗauki hotonta yau, da hoton keken gaba ɗaya, da duk wani tabo da ka san shi da shi. In ba haka ba ko ka gan shi a hannun wani, ba ka da abin da za ka nuna. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa nan take, ya adana shaidar turawar da lambar da ta kira shi, ya haɗa su a rahotonsa.

Sai ku masu saye. Kekunan nan ba cinye su ake yi ba, sayar da su ake yi, kuma mu ne dai masu sayen. In ka ga keke mai giya a Facebook ko a zauren WhatsApp a rabin kuɗinsa, mai shi ba shago ba rasit, yana cewa ku haɗu a bakin titi bayan Magariba, ko ka kifa ka tarar an kankare lambar an shafa sabon fenti, ka san abin da kake saye. Doka ba ta ƙyale ɓarawon zaune ba, kuma ranar da mai keke ya gane abinsa a ƙarƙashinka, wanda ya sayar maka ba zai ɗaga waya ba.

Masu shirya wasa, ku ma da naku. Kuna tanadar wa masu motoci wuri da mai gadi, mu da muka sayi tikiti iri ɗaya ku bar mu a duhu. Kusurwa ɗaya a cikin katanga da yaro ɗaya da kuka sani ya isa.

Samarin uku ne, wanda ya karɓi kuɗina dogo ne siriri, katunansu na kwali ruwan ƙasa ne, an rubuta lambar da jar maka. Nawa yana nan a aljihuna, lamba 14. Asabar mai zuwa akwai wani wasan, kuma zan je, a kan tsohon Phoenix ɗin mahaifinmu da na sa aka yi wa sabon burki. Na riga na yi magana da mai shayin: a jikin ƙafar teburinsa zan ɗaure shi.