Ƙananan motoci masu zafin gudu: wadda za ka iya samu da wadda za ka iya riƙewa

A Amurka akwai masu son mota da ke cizon yatsa kan wata 'yar ƙaramar Toyota mai ƙofa uku da ake kira GR Yaris. Kuɗi suna da shi, motar ce kamfanin bai kai musu ba. Kuma ba halin su yo odarta daga waje, domin wata dokarsu ta 1988 ta sa motar da ba a ƙera bisa ƙa'idojin ƙasar ba sai ta cika shekara 25 kafin a bari ta shiga a hau titi da ita. Wannan doka ce ta sa Nissan Skyline GT-R ta 1999 sai a 2024 aka buɗe wa kowa ƙofar shigo da ita Amurka.

Mu a nan ba mu da irin wannan katanga, amma muna da tamu. Tun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama a kan titi, Ghana ta biyo baya a 1974, Nijar kuwa dama haka take. Don haka motar da za ta yi mana ita ce mai sitiyari a hagu. Duk abin da aka ƙera don Japan, Ingila, Ostareliya ko Afirka ta Kudu ya fita daga lissafi. Na san akwai garejin da za a ce maka "kawo ta, Alhaji, za mu juya sitiyarin". Ko a motar cefane ban yarda da wannan aiki ba, balle motar da aka yi ta don a shiga kwana da gudu. Ƙofofinmu ke nan biyu: Amurka da Kanada, inda yawancin tokumbo ke fitowa, sai Turai, tushen motocin da muka saba kira 'yan Beljiyam. Kowace ƙofa da kayanta, kuma daga nan ya kamata mai saye ya fara tunani, kafin ya kai ga maganar ƙarfin doki.

Bari mu fara da wadda kowa ke mafarki. GR Yaris ta fito a 2020, kuma asalinta tseren jeji ne: ƙa'idar gasar duniya ta buƙaci kamfani ya ƙera dubu 25 na motar a cikin shekara guda kafin ya gina ta tsere a kanta. Injinta silinda uku ne kacal, lita 1.6 mai turbo, amma na Turai na farko yana ba da ƙarfin doki 261, kuma tayoyi huɗun duka suna ja. Rufinta na zaren kabon ne, ƙofofi da murfin inji na alminiyam, nauyinta kusan kilo 1,280. A masana'antar Motomachi da ke Japan ake haɗa ta. Sunan Yaris kada ya ruɗe ka. Abin da ta haɗa da Yaris ɗin da ka sani bai wuce fitilu da madubai ba. Ranar da wani mai Keke ya goga maka ƙofa, ba a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ko ta Ladipo za ka samo madadinta ba. Sannan an yi injin don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa gidajen manmu kala ɗaya suke sayarwa. Da ta fito a Ingila kuɗinta ya yi kusa da fam dubu 30, kuma ta hannu ma ba ta cika karyewa ba. Amurkawa an rarrashe su da GR Corolla a 2022, mai inji iri ɗaya da aka ɗaga zuwa doki 300, ƙofa biyar, farashi a lokacin daga dala 35,900. Duk biyun motoci ne na wanda yake da wata motar a gida.

Ƙasa da ita akwai tsararraki uku da Turai ta more. Hyundai i20 N, mai doki 204 da giyar hannu, a Turkiyya aka ƙera ta, Amurka ba ta taɓa ganinta ba, Turai ma an daina kai ta a 2024. Suzuki Swift Sport ƙarfinta bai wuce doki 140 ba, amma da yake nauyinta bai cika tan ɗaya ba, tana da zafin nama kamar ɗan akuya, kuma ba ta shan mai. Ita ma ba ta je Amurka ba, don Suzuki ya sanar da janyewa daga sayar da motoci a can tun 2012. Ta uku ita ce Polo GTI, wadda labarinta ke ba ni dariya: a nahiyarmu ake ƙera ta, a garin Kariega na Afirka ta Kudu, amma ɗan Kano ko ɗan Maraɗi da ke son mai sitiyarin hagu sai ya bi ta Jamus ko Beljiyam ya ɗauko wadda Bature ya gama yayi. A cikin ukun, Polo ce za ta fi samun bakanike, saboda injinta mai lita 2 ɗan gidan su Golf ne.

Ford Fiesta ST tana buƙatar a ɗan tsaya. Iri biyu za mu duba. Ta farko, mai lita 1.6 da doki 197, an sayar da ita a Amurka daga 2014 zuwa 2019, saboda haka tana cikin tokumbo kuma tana cikin mafi araha a wannan jeri. Ta biyu mai silinda uku Amurka ba ta samu ba, har aka rufe ƙera Fiesta gaba ɗaya a Jamus a watan Yulin 2023. Duk wanda ya tuƙa ta zai faɗa maka daɗinta a kwana. Amma ƙafarta tauri gare ta, tayarta siririya ce a kan rim mai inci 17, rami ɗaya a hanyar Zariya ya isa ya lanƙwasa shi. Kuma a 2017 kamfanin ya yi kiranye ga wasu na farko-farko saboda matsalar ruwan sanyaya inji. Motar da ta taɓa fama da zafi a ƙasar ƙanƙara, ka yi tunanin ta a Sakkwato cikin watan Afrilu. In za ka saya, ka tabbatar an yi mata wancan gyaran.

Yanzu ga biyun da nake ganin su ne zaɓin gaskiya.

Golf GTI ita ce uwar wannan dangi, tun 1976 take. Ana samunta ta ƙofofin biyu, kuma sunan Golf ba baƙo ba ne a tashoshinmu. Wadda ta fi dacewa ita ce ƙarni na bakwai, mai doki 210 zuwa 245 a yawancinta gwargwadon shekara da ƙasar da ta fito. Tana da ƙofa biyar, baya na ɗaukar manya, but ɗinta zai ɗauki buhu. Za ka kai yara makaranta da ita ran Litinin, ran Asabar ka buɗe mata wuta a hanyar da ba kowa. Lalurarta sananniya ce: famfon ruwanta yakan yi yoyo, giyarta ta otomatik da ake kira DSG tana son a canza mata mai kusan kowane kilomita dubu 60, kuma ba kowane mai ba. Ƙarni na shida kuma sai an duba sarƙar injin. Bakaniken da ya ƙware a Golf 3 ta haya ba lallai ya iya wannan ba, sai mai na'urar bincike ta kwamfuta. In babu irinsa a garinku, ka nemi mai giyar hannu ko ka haƙura.

Honda Civic Si kuwa juyin labarin ce: Amurka da Kanada suna da ita, Turai ce ba ta da ita. Tun 2006 da giyar hannu shida kawai take zuwa, babu otomatik, wanda zai kori mutane da yawa tun a bakin ƙofa, musamman mai shan cunkoso kullum. Amma ga wanda ƙafarsa ba ta gajiya da kulochi, ina ba da shawarar ta 2012 zuwa 2015. Injinta lita 2.4 ne ba turbo, doki 201 zuwa 205, kuma dangin injin da ke cikin Accord da CR-V ne, waɗanda duk wani yaron gareji a Arewa ya kwance su ya mayar. Ba ta kai GTI tashi daga tsaye ba, sai ka ja giya sosai take nuna halinta, cikinta ma bai kai na Bajamushiyar kyau ba. Sai dai rashin turbo ya rage maka abin lalacewa, ya kuma sa ta fi haƙuri da zafi. Wadda ta biyo baya daga 2017 ta koma lita 1.5 mai turbo, ta fi tsimin mai, abin da ba wanda zai raina tun da aka cire tallafi a 2023, amma ta fi son baƙin mai mai kyau a kan lokaci. Yayarta Type R, wadda Amurka ba ta samu ba sai a 2017, ta wuce maganar araha.

Da ni ne, ga yadda zan yi. In ina Abuja ko Legas, kusa da ƙwararren bakanike, GTI. In ina ko'ina ban da nan, Civic Si mai lita 2.4. Swift Sport zan ɗauka in ta faɗo a hannu da takardu masu kyau. GR Yaris kuwa zan ci gaba da kallonta a waya.

Kowacce ka zaɓa, ka tuna irin mutanen da suka fara mallakar waɗannan motoci: matasa ne masu jini a jika, da yawansu sun taɓa kwamfutar injin don ƙara gudu, wasu sun rage tsayin motar har ta kusa lasar kwalta. Yawancin masu arha a kasuwar gwanjon Amurka kuwa hatsari suka yi ko ambaliya ta sha su. Ka karɓi lambar shasi ka bincika tarihinta kafin ka tura ko sisi. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko salansa da ƙafafun na asali ne. Ka ɗaga kafet ka sansana. Kuma ka sa a tayar maka da ita da sassafe, injin yana sanyi, kana tsaye a wurin, ba wadda dillali ya riga ya ɗumama kafin ka iso ba.