Ngram Viewer da kalmar da ta ɓata wa abokiyar aikina rai

Aikina duba rahotannin da ake rubutawa da Turanci, kuma rabin abin da nake sawa a gefen takarda nuna aibi ne. Wata rana na tarar da rata babba a lissafin wata abokiyar aikina, sai na rubuta mata "blatant error". Ta same ni ranta a ɓace, ta ce, "Malam, kana nufin da gangan na yi?" Wallahi ban nufi haka ba. Abin da ke raina kawai shi ne kuskuren ya fito ɓaro-ɓaro. Na ba ta haƙuri, amma abin ya tsaya min a rai.

Shi ya kai ni ga Google Books Ngram Viewer, wanda Google ya fitar a watan Disamba na 2010. Za ka rubuta kalmomin da kake kokwanto a kansu, ka raba su da waƙafi, shi kuma ya zana maka layuka masu nuna yawan fitowarsu shekara bayan shekara a miliyoyin littattafai. Na sa "glaring error" da "blatant error", layin farko ya tsaya can sama. Da na cire "error" na sa "lie", sai abin ya juye. A nan na gane inda na yi tuntuɓe. Asalin "glaring" haske ne mai kashe ido, don haka tana tafiya da kuskure ko abin da aka manta ba a sa ba, kamar "glaring omission", ba tare da ta zargi kowa ba. Ita kuwa "blatant" ta saba zama da ƙarya da yin biris da ƙa'ida, abin da aka yi ƙiri-ƙiri ba kunya. "Flagrant" abokiyar tafiyarta "violation" ce, wato keta doka a bainar jama'a. Giɓin da ke cikin hujja kuma "gaping hole" ake ce masa.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne alamar tauraro (*). In ka rubuta kalma ka bi ta da tauraro, zai kawo maka kalmomi 10 da suka fi biyo bayanta. Sai dai ka kula, "glaring" tana kuma nufin harara, don haka za ka ga "glaring at" ta shigo jerin. In ka liƙa _NOUN a jikin tauraron, sunaye kaɗai zai kawo.

Yana da iyaka, kuma gara mutum ya sani tun wuri. Ba ya karɓar abin da ya wuce kalmomi 5. Da na nemi "sticks out like a sore thumb", wadda ake faɗa wa abin da ya fita zakka, sai da na datse ta zuwa "like a sore thumb". Littattafai kaɗai yake ƙirgawa, kuma sai abin ya fito a littattafai aƙalla 40, saboda haka yadda mutane ke rubutu a saƙon waya ba ya ciki. Babu Hausa a cikin harsunansa, wannan kam yana damuna.

Kuma ƙirga yake yi, ba ya bayani. Layi ba zai gaya maka wace kalma ce ke sosa rai ba. Dole ka sauka ƙasan zanen, ka latsa shekarun da ya jera, ka karanta jimlolin a cikin littattafan da kanka. Ni nakan karanta biyar ko shida kafin in yarda da kalma.

Makon jiya rahoton baiwar Allahn nan ya sake zuwa teburina, ta tsallake shafi guda na alƙaluma. Na rubuta "glaring omission". Ta gyara ta dawo min da shi kafin a tashi aiki, har da godiya.