Bayan Vinland Saga sai me? Abin da na gani a sashen shawarwari na MyAnimeList

Na daɗe ina ajiye lissafin manga da na karanta a shafin MyAnimeList, amma sashen shawarwarinsa bai taɓa damuna ba sai da Vinland Saga ya zo ƙarshe a 2025. Shekara 20 Makoto Yukimura ya yi yana zana wannan labari, tun daga 2005, kuma da na rufe babin ƙarshe sai na rasa abin da zan ɗauka. Shi ne na ce bari in gwada ko jama'ar shafin za su iya nuna mini wani makamancinsa.

Ga wanda bai san shafin ba, asalinsa rumbun bayanai ne na manga da anime, wato labaran zane na Japan da finafinan zanensu. An kafa shi a 2004, rajista kyauta ce, kuma da Turanci yake. Kowane labari yana da shafinsa: sunan mai zanen, mujallar da ta buga shi, yawan juzu'ai, da makin da masu karatu suka ba shi daga 1 zuwa 10. Sashen shawarwarin kuwa mutane ne ke cika shi da hannunsu. Mai karatu zai haɗa labari biyu ya ce wanda ya so wannan zai so wancan, sannan ya rubuta dalilinsa. Labarin da mutane suka fi ambata shi ke hawa sama. Wannan rubuta dalili shi ne duk amfanin wurin a wajena, domin da shi kake gane ko mai ba ka shawarar ya fahimci labarin ko kuwa takubba kawai ya gani.

Kuma a kan Vinland Saga bambancin nan ba ƙarami ba ne. Daga waje labarin mayaƙan Viking ne, 'yan arewacin Turai masu kai hari ta teku, a farkon ƙarni na 11, lokacin da mutanen Denmak suka mamaye Ingila har Canute ya hau sarautarta a 1016. Yaro Thorfinn yana bin rundunar Askeladd, mutumin da ya sa aka kashe mahaifinsa, yana jiran ranar ramuwa. To amma wanda ya wuce kashin farko ya san Yukimura ya juya akalar gaba ɗaya. Thorfinn ya koma bawa a wata gona a Denmak, yana sare itatuwa yana sassabe tare da wani bawa mai suna Einar, kuma daga nan har ƙarshe tambaya ɗaya ake bi: mutumin da hannunsa ya sha jini, ta yaya zai rayu ba tare da ya sake kisa ba, alhali duniyar da yake ciki ƙarfi kawai take girmamawa? Wannan nake nema, ba gatari da jirgin ruwa ba.

Sunaye uku ne suka fi yawo a shawarwarin: Berserk, Vagabond da Kingdom.

Kingdom na Yasuhisa Hara na fara ɗauka, saboda dalilan da aka rubuta sun yi kama da gaskiya: tarihi, yaƙi, maraya da ya taso daga ƙasa. Duk haka ne. Labarin yana ƙasar Sin a zamanin da dauloli bakwai ke gwabzawa, kafin daular Qin ta haɗe su a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma tun 2006 ake buga shi, ya haura juzu'i 70. Akwai dabarun yaƙi masu daɗin bi, yadda ake yaudarar runduna da yadda ake cin birni. Sai dai gwarzonsa Shin burinsa ya zama babban kwamandan yaƙi, kuma labarin yana taya shi wannan buri, kowace nasara da shewa. Abin da Thorfinn ya kwashe rabin rayuwarsa yana gudu, shi Shin yake kwana yana mafarki. Labari ne mai kyau, na ci gaba da shi don kansa, amma a matsayin magajin Vinland Saga bai ci ba.

Vagabond ne ya biya ni, kuma wani mai karatu ne ya sa na ɗauke shi da muhimmanci, domin shi kaɗai a cikin waɗanda na karanta bai yi maganar kyan faɗa ba, sai ya ce a jira a ga inda takobin zai kai mai shi. Takehiko Inoue ya fara shi a 1998, ya gina shi a kan littafin Eiji Yoshikawa game da Miyamoto Musashi, shahararren mai takobi da ya rayu a Japan har zuwa 1645. Musashi na farkon labarin dabba ne a siffar mutum, yana yawo daga makarantar takobi zuwa wata yana neman a ce babu kamarsa a ƙarƙashin sama. Sai aka zo faɗansa da mutanen makarantar takobi ta Yoshioka, inda ya kashe mutum 70 shi kaɗai. Wani mai zanen da nan zai ɗora masa rawani. Inoue kuwa ya bar shi da raunin ƙafa da nauyin gawarwakin, ya sa shi ya tambayi kansa abin da ya samu. Can gaba sai ga Musashi a wani ƙauye da yunwa ta ci ƙarfinsa, yana fama da laka da ambaliya don ya mai da busasshiyar ƙasa gonar shinkafa. Babi bayan babi babu wanda aka sara. Masu son jini sun yi ta ƙorafi a kan wannan sashe, kamar yadda suka yi a kan zaman Thorfinn a gona, ni kuwa nan ne na ga labaran biyu sun haɗu. Dukansu sun yarda cewa noma ya fi kisa wuya, kuma sun ba mai karatu lokaci ya ji wuyar a jikinsa. Ga zanen Inoue da yake yi da burushi da tawada, har wani shafin sai ka tsaya kallon ruwa ko ciyawa ka manta akwai rubutu. Abin da ya kamata a gaya wa mutum tun farko, kuma da yawa ba sa faɗa: labarin ya tsaya a juzu'i na 37, tun 2015 ba a fitar da sabon babi ba. Wanda ba ya son a bar shi a tsakiyar hanya ya yi tunani.

Berserk kuma sai da hattara. Kentaro Miura ya fara shi a 1989, ya rasu a 2021 bai kammala ba, mataimakansa da abokinsa Kouji Mori suka ci gaba daga 2022. Akwai kama ta gaske, don shi ma gwarzonsa Guts yana tsakanin ramuwa da kare macen da ta rage masa. Amma ba tarihi ba ne, duniyar dodanni da tsafi ce, kuma akwai tsiraici da fyaɗe da ta'asa da aka zana ƙarara. Shawarwarin da ke cewa shi da Vinland Saga "duhu" ne sun ɓoye wannan tazara. Ba abin da za a bar wa yaro a waya ba ne, babba ma ya san abin da zai shiga.

Wanda ya fi kusa da abin da nake nema bayan Vagabond ba a saman jerin na same shi ba. Sunan Yukimura na danna, sai ga Planetes, aikinsa na farko, juzu'i 4 kacal, daga 1999 zuwa 2004. Labarin masu kwashe tarkacen tauraron ɗan Adam ne a sararin samaniya a shekarun 2070. Babu Viking, babu takobi, babu abin da zai sa mai haɗa labarai ta fuskar sigarsu ya kawo shi. Amma Hachimaki, matashin da ke ganin dogaro da mutane rauni ne, ya dage sai ya shiga tafiyar zuwa duniyar Jupita ko da zai yar da kowa, ɗan'uwan Thorfinn ne na jini. Damuwar marubucin ɗaya ce, tufafin ne suka bambanta.

Nan ne iyakar irin wannan shawara ta jama'a. Abin da ya shahara shi ake ta maimaitawa, don haka manyan sunaye ke zama a sama, ƙananan da suka fi dacewa su nutse a ƙasa da mutum ɗaya ko biyu da suka ambace su. Haka na tsinci Historie na Hitoshi Iwaaki, labarin Eumenes, magatakardan Iskandar mai girma, wanda shi ma ya ɗanɗana bauta kuma da kai yake faɗa ba da damtse ba. Sannan wasu masu rubuta dalili ba su da riƙon baki. Wani cikin jimla biyu ya gaya mini wanda zai mutu a wani labari da ban fara ba. Yanzu jimlar farko kawai nake karantawa, in na ga an fara ambaton sunayen mutanen labarin sai in wuce.

Alamomin da ake liƙa wa kowane labari suna taimakawa, musamman wadda ke nuna waɗanda aka yi wa shi. Shonen na samari ne, seinen na manya, kuma duk waɗanda na ambata a nan seinen ne. Alamar jigo kuwa, irin "tarihi" ko "soja", faɗinta ya yi yawa, za ta jera maka Kingdom da Vinland Saga a layi ɗaya ta tafi abinta.

Sabon shiga ya sani cewa shafin zai nuna masa abin da zai nema ne, neman littafin kuma aikinsa ne, kuma fassarar da zai fi samu ta Turanci ce ko Faransanci. Daga dama zuwa hagu ake bin shafukan manga, kamar yadda muke buɗe littafin ajami, don haka wannan ba zai ba Bahaushe wahala ba. In Thorfinn na fagen fama ka so, ɗauki Kingdom. In na gona ne, fara da Planetes tunda gajere ne kuma an kammala shi, sannan ka shiga Vagabond da sanin cewa ba shi da ƙarshe tukuna.