Auna Haɗari da Lissafi ko da Ƙiyasi a Jarrabawar Tsaron Intanet

Duk mai shirin jarrabawar Security+ ta ƙungiyar CompTIA ko CISSP ta ƙungiyar ISC2 sai ya ci karo da hanyoyi biyu na auna haɗari.

Ta farko lissafi ce zalla. A ce na'urorin kamfani sun kai dala 40,000, ambaliya kuma za ta lalata kashi 25 cikin ɗari. Asarar karo ɗaya, wato SLE, dala 10,000 ke nan. In ambaliyar kan zo sau ɗaya a shekara 5, ARO, wato yawan aukuwarta a shekara ɗaya, ya zama 0.2. Ka ninka SLE da ARO, ka samu ALE, asarar shekara, dala 2,000. A nan ɗalibai ke tuntuɓe: da sun ga 5 sai su ninka da ita, alhali rabawa ake yi. Da wannan adadi na dala 2,000 za ka gane kariyar da ke cin dala 3,000 a shekara asara ce.

Ta biyu ƙiyasi ce. Masana su zauna su jera haɗura a jadawali mai ja da rawaya da kore, gwargwadon tsananinsu. Ta fi sauri, kuma tana kama zubewar mutuncin kamfani, abin da ba ya ƙirguwa da dala.

Ni dai, ɗalibi ya fi ba lissafin lokaci, don a can maki ke zubewa a banza.