275 ko 315 a ƙafar baya ta Charger R/T: wanne ya dace da titunan Jidda?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce motarka Dodge Charger R/T ce ta 2018, ka sauya mata salansa, an taɓa kwamfutar injin, yanzu da ka ɗan danna totur a danja sai ƙafar baya ta hau ƙugi tana juyawa a wuri ɗaya. Kana tsakanin biyu: ko ka sa taya 275/40R20, ko ka wuce kai tsaye zuwa 315/35R20 kamar yadda abokai suka zuga ka. Ni dai 275 zan ce maka, kuma in aljihu zai ɗauka, a ƙafafu huɗun duka. Amma bari in ajiye maka su gefe da gefe ka gani da idonka.

Mu fara da inda suka yi kunnen doki, wato tsayi. Tayar da motarka ta zo da ita daga kamfani 245/45R20 ce. Lambar farko faɗi ce a milimita, ta biyu kuma tsayin gefen taya ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ta bayan R kuwa girman rim ne a inci. In ka buga lissafin, tsayin taya gaba ɗaya daga ƙasa zuwa sama milimita 728.5 ne. Ita 275/40R20 tana ba da 728, ita kuma 315/35R20 tana ba da 728.5 cif. Ke nan duk wadda ka ɗauka, agogon gudu ba zai yi maka ƙarya a gaban kyamarar Saher mai kama masu wuce ƙa'idar gudu ba, kuma na'urar ABS da mai hana zamewa ba za su rikice ba, don su da juyin ƙafafu suke aiki. A nan babu wanda ya ci wani.

Rigimar daga rim take farawa. Rim ɗin R/T na asali faɗinsa inci 8 ne. Masu ƙera taya suna son 275/40 ta zauna a kan inci 9 zuwa 11, kuma 9.5 ne gidanta. Ita 315/35 ba ta fara zama daidai sai daga 10.5, gidanta kuwa 11. Don haka duk wadda ka zaɓa sai ka sayi rim. Na san akwai mai banshar, wato shagon faci da tayoyi, da zai ce maka kawo kawai, zai cusa 275 a kan inci 8 ta shiga. Za ta shiga ɗin. Amma gefenta zai kumbura ya yi tumbi, tsakiyar zanen ya turo waje, ya riga gefuna cinyewa, kuma a kwana za ka ji bayan motar yana lilo kafin ya zauna. Ka biya kuɗin faɗi, faɗin bai taɓa kwalta ba.

Ga 275 hanyar a share take, domin Dodge da kansu sun riga sun bi ta. Charger samfurin Hellcat da ta fito a 2015 da ƙarfin doki 707, a kan rim 20x9.5 da taya 275/40ZR20 suka sake ta, a bodi mai faɗi ɗaya da na motarka. Taka kuwa injin HEMI ne mai lita 5.7 da doki 370 daga kamfani, ko da gyaran da ka yi ba ta kusa da Hellcat ba. Rim ɗin Hellcat ko na Scat Pack, wani samfurin Charger ɗin, mai inci 9.5 yana hawa motarka ba guduma ba yanka: ramukan noti biyar ne iri ɗaya, 5x115, ramin tsakiya ma ɗaya ne.

Ga 315 kuwa babu rim na kamfani da zai yi maka. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami: su ga rim ɗin Widebody mai inci 11 a Haraj, kasuwar kayan hannu, su ce ai Charger Charger ce. Ba haka ba ne. Wannan rim an ƙera shi ne don motar da aka ƙara wa kumatun modigad, wanda ya faɗaɗa bodin da inci 3.5. Abin da ake kira ofset, wato nisan fuskar da ke manne da hob, inda ake ɗaure ƙafar mota, daga tsakiyar rim, ya bambanta ƙwarai, har bakin rim ɗin Widebody yana turowa waje da kusan santimita 4 fiye da na Hellcat mai ƙaramin bodi. A motarka zai leƙo waje da modigad, da ka hau matab, wato tudun rage gudu, bodi ya sauko, ƙarfe ya yanki gefen taya. Masu sa 315 a ƙaramin bodi rim na kasuwa suke nema wanda ofset ɗinsa ya tura faɗin ciki, kuma tazarar da ke rage musu ciki da waje 'yar kaɗan ce. In an sauke motar ƙasa da sababbin sifirin, sai ta ƙara matsewa. Kuma ka lura, ita Widebody ɗin ma 305/35ZR20 take sawa, ba 315 ba.

In har ka nace sai 315, kada ka yarda da awon da aka yi mota tana tsaye babu kowa a ciki. Ka manna farin tef a leɓen modigad ta ciki da jikin robar da ke rufe ramin taya, ka cika kujerar baya da manya uku, ka sa kaya a but kamar ranar da za ka kai iyali Makka Umra a dawo da jarkokin zamzam, sannan ka haye matab a karkace, ka sha shataletale ɗaya. Ka dawo ka leƙa da tocilan. In tef ɗin ya yi baƙi ko ya yage, taya tana gugar bodi, kuma abin da ya goge tef a cikin unguwa zai ci roba a babbar hanya.

Yanzu ga ainihin abin da ya dame ka, wato kamun ƙasa. Mutane suna ɗauka cewa in taya ta ƙara faɗi, robar da ke taɓa kwalta ta ƙaru daidai gwargwado. Nauyin mota da iskar da ke cikin taya su ne suka fi yanke girman wurin da ke taɓa ƙasa. Abin da faɗi ya fi sauyawa shi ne siffarsa: ya zama gajere daga gaba zuwa baya, mai faɗi daga gefe zuwa gefe. Wannan siffa tana taimako sosai a kwana, tana kuma raba zafi, amma wajen tashi daga tsaye ribarta ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Dubi abin da Dodge suka yi da Challenger Demon a 2018, motar da aka gina don tseren miƙe. Sun sa 315, gaskiya ne, amma 315/40 a kan rim inci 18, da robar Nitto mai laushi irin ta filin tsere. Sun rage rim ne don gefen taya ya yi tsawo, milimita 126, ya lanƙwashe ya shimfiɗu lokacin tashi. Ita 315/35R20 gefenta milimita 110 ne, daidai da na tayar da kake kai yanzu.

Saboda haka irin robar ta fi faɗin muhimmanci. 275 mai kyau ta lokacin zafi, irin su Michelin Pilot Sport 4S ko Pirelli P Zero, za ta kama ƙasa fiye da 315 mai arha da robarta ta yi tauri. Ga kuma wani tarko da ba a cika faɗa ba: 315/35R20 ita ce tayar baya ta BMW X5 na wasu shekaru, 275/40R20 kuma ta gabanta. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda za ka tarar a jere a shago na jif ne, wasu ma irin waɗanda ake iya tafiya da su bayan sun sace, masu gefe kamar katako. Lamba ɗaya ce, aiki daban. Ka karanta sunan samfurin da kyau kafin a ɗaura.

Kafin ma ka kashe riyal ɗaya, ka duba wani abu. Idan motar ta yi wannan juyin, layi nawa take bari a kwalta, ɗaya ko biyu? R/T da yawa sun zo da difrenshal na gama-gari, wanda ke tura ƙarfi ga ƙafar da ta fi rashin kamu. Scat Pack da Hellcat su ne ke zuwa da mai ɗaure ƙafafun biyu, wanda ake kira LSD. In layi ɗaya kake gani, ƙafa ɗaya ce ke aikin, kuma ko ka sa mata 315 ita kaɗai za ta ci gaba da hayaƙi. Kuɗin da za ka zuba a bambancin 315 da 275 gara ka tara shi ka nufi difrenshal.

Sai batun sitiyari. Mustang GT mai Performance Pack da Camaro SS suna fitowa da tayar baya da ta fi ta gaba faɗi, 255 da 275 a Mustang, 245 da 275 a Camaro, an kuma daidaita musu komai a kan haka. Dodge ba su yi wa Charger haka ba: R/T, Scat Pack, Hellcat, Widebody, duk ƙafafu huɗu girmansu ɗaya. Mota ce mai nauyin kusan tan 2, kuma injin ƙarfe ne zaune a kan ƙafar gaba. In ka bar 245 a gaba ka sa 315 a baya, tazarar milimita 70 ke nan, baya ya kama ƙasa gam, gaba ya riga shi sakewa. Ka karya sitiyari, hancin motar ya ci gaba da miƙewa. A miƙaƙƙen titin Malik na Jidda ba za ka ji ba. A hawan Hada zuwa Ɗa'if, inda kwana ke bin kwana, za ka ji. Da 245 a gaba da 275 a baya abin da sauƙi, da 275 a duka huɗun kuwa har birki sai ya ƙaru, don gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa.

Girman ɗaya yana da wata riba ta aljihu: kana iya juya tayoyi, na baya su dawo gaba, su cinye tare. Da 315 a baya babu wannan. Motar baya ke turawa, kai kuma ƙafarka da nauyi, to na bayan za su riƙa ƙarewa su kaɗai, kuma su ne mafi tsada. Ƙara da nauyin rim da taya, da ɗan ƙarin shan mai, ga harajin kashi 15 a kan kowane abu.

Ruwan sama ba kullum ba ne a Jidda, amma duk wanda ya ga na Nuwamban 2022 ya san yadda tituna ke komawa. Taya mai faɗi tana da ruwa mai yawa da za ta kora gefe, in ta kasa sai ta hau kansa ta yi iyo, kuma 315 za ta riga 275 yin haka, musamman in zanen ya fara lafewa. Yayyafin farko bayan watanni na fari shi ya fi santsi, don yana taso da mai da ƙurar da suka kwanta. Yashin da iska ke watsowa kan kwalta kuwa ba ya tambayar faɗin tayarka. Haka nan inda manyan motoci suka lotsa hanya, taya mai faɗi ta fi bin kwarin tana jan mota.

Zafi ne abokin gabar da muke kwana da shi. Tun 2018 an ɗaga iyakar gudu zuwa kilomita 140 a wasu manyan hanyoyi, har da ta Madina, kuma awanni ake yi a kan kwalta mai ƙuna. Duk wadda ka ɗauka, ka duba gefenta: ajin jure zafi ya zama A, harafin gudu W ko Y, lambar ɗaukar nauyi kada ta gaza ta tayar asali. Ka nemi lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 1224 mako na 12 ne na 2024. Da yake 315 ba ta tafiya da sauri a kasuwa kamar 275, ita ce aka fi samu ta daɗe a sito. Kuma ranar da ƙusa ta yaga maka ɗaya a tsakanin Rabigh da Badar, ƙaramin banshar na bakin hanya zai fi yiwuwa ya samo maka 275.

Ta fuskar hukuma, 275 tana ɓuya a cikin modigad, motar tana nan kamar yadda kamfani ya yi ta, ba abin da zai ja ido a wurin fahas, wato duba lafiyar mota, ko a shingen murur, 'yan sandan hanya. 315 in ta leƙo waje, mataki na gaba shi ne a ce maka a ƙara kumatu ko a yanka modigad, kuma sauya siffar bodi ba tare da izini ba, laifi ne a dokar hanya ta nan. Sannan ka yi hattara da gwajin layin da na ambata: ka duba shi a filin tsere mai izini, ko bakanike ya ɗaga motar ya tabbatar maka. Tarar tafhiɗ, wato wasan ganganci da mota a titi, a karon farko riyal 20,000 ce da tsare mota kwana 15, ta biyu 40,000, ta uku 60,000. Mu da ke zaune da iƙama ba mu da bayan ɗaukar wannan.

Ban ce 315 ba ta da masu ita ba. Wanda ya ɗora wa injinsa sufacaja mai cusa iska don ƙara ƙarfi, yana da LSD, yana zuwa filin tsere, kuma yana da wata motar ta zuwa aiki, shi ya dace da ita. Haka wanda kyan gani kawai yake so, ya san abin da zai biya, don ba a musu, Charger a kan 315 in ka tsaya a bayanta tana da kwarjini. Kai kuwa ka ce da ita kake zuwa aiki kake kai yara makaranta.

Don haka ka nemi rim huɗu 20x9.5 na asali ko na kamfanin da aka sani, ka guji na jabu masu fashewa a rami, ka sa 275/40R20 mai kyau. In kuɗin bai kai ba, ka fara da biyun baya, na gaba su biyo daga baya. Ka tuna a mayar da na'urorin awon iska daga tsofaffin rim zuwa sababbi, in ba haka ba fitilar za ta zauna maka a dashbod. A yi balansin, a yi alaimen na ƙafa huɗu, ka fara da iskar da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a auna ta da safe kafin taya ta yi zafi, kuma bayan ɗan tafiya ka koma a sake ɗaure notina.