Littafin ilimin halayyar ɗalibi: wanne ya cancanci kuɗinka?

'Yar ƙanwata ta samu gurbi a kwalejin horar da malamai. Ranar wata Asabar bayan la'asar ta same ni a gida a Aboabo, nan Kumasi ta ƙasar Ghana, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kawu, duba mini, wanne zan saya?" Abu huɗu ta jera: wani ƙaton littafin ilimin halayyar ɗan Adam da ta gani a kanti a Adum, da ƙananan littattafan tsofaffin tambayoyin jarrabawa da ake shimfiɗawa a gefen kasuwar Kejetia, da ajin ƙarin karatu na ƙarshen mako, da wani zauren WhatsApp da ke turo darasi in ka biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Kuɗin hannunta na abu ɗaya ne, in an matsa biyu. Na san ba ita kaɗai ba ce a zangonninmu, daga Asawase har Sabon Zango, shi ya sa nake rubuta abin da na gaya mata.

Na fara ce mata ta mayar da kuɗin jaka tukuna, domin abin da ya fi muhimmanci kyauta ne. Manhajar da NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta fitar, wadda aka fara aiki da ita a makarantun firamare a watan Satumban 2019, tana intanet. Haka ma kundin ƙa'idojin aikin malanta na ƙasa, wanda ya raba aikin malami gida uku: ɗabi'unsa, da iliminsa, da yadda yake aiki a cikin aji. Tun 2018 kwalejojin nan suka koma ba da digirin shekara huɗu, kuma a kan waɗannan takardu aka gina karatun. Wanda bai karanta su ba, ba shi da ma'aunin da zai auna abin da ake tallata masa.

Ƙaton littafin shi ya fi tsada, shi ne kuma na fi so, amma da sharaɗi. Kada kauri ya ruɗe ka. Buɗe babin Piaget, masanin nan na Suwizalan da ake furta sunansa Piyaje, ka ga yadda aka yi bayaninsa. Idan jerin matakai huɗu ne kawai da shekarunsu, haihuwa zuwa 2, 2 zuwa 7, 7 zuwa 11, sai abin da ya yi sama, to ajiye shi, haddar wannan ba ta cin minti goma. Littafin kirki zai nuna maka yaro ɗan shekara biyar da aka juye masa ruwa daga gajeren kofi mai faɗi zuwa dogo siriri, ya dage cewa ruwan ya ƙaru. Daga nan ya fahimtar da kai dalilin da ya sa 'yan aji ɗaya ke buƙatar murafen kwalba da tsakuwa a hannu kafin a rubuta musu lissafi a allo. Malamin da ya gane wannan ba zai kira yaro daƙiƙi a kan abin da shekarunsa ba su kai ba.

Sannan duba Vygotsky na Rasha, wanda ya rasu a 1934 bai cika shekara 40 ba. Maganarsa ita ce akwai tazara tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in wanda ya fi shi ya kama masa, kuma a cikin tazarar nan koyo yake faruwa. Mu da muka tashi a makarantar allo mun san wannan da jikinmu. Babban almajiri ya biya wa ƙarami aya, su maimaita tare, a hankali ya sassauta murya har ƙaramin ya riƙe shi kaɗai. Da na kawo wa yarinyar wannan misali sai ta ce ashe abin da take yi wa ƙannenta ke nan kullum bayan magariba. Littafin da ya sa ka tuno irin wannan ya biya kuɗinsa.

Rauninsa shi ne yawancin irinsa a Amurka ko Ingila aka rubuta su, da ajujuwa masu yara kaɗan a zuciyar marubucin. Yaronmu na zango Hausa yake ji a gida, Twi a titi da kasuwa, Larabci a makaranta, Turanci a aji. Hausa kuma ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta ware don koyarwa. Saboda haka nemi babin da ya yi maganar yara masu harshe fiye da ɗaya, ka karanta shafi biyu a tsaye a kantin. Nemi kuma babin tafiyar da aji. Hukumar ilimi ta Ghana ta hana dukan ɗalibai tun 2017, kuma sabon malamin da bulala kaɗai ya taso ya gani zai tsaya gaban yara hannu rabbana. A nan bayanin Skinner, masanin halayya na Amurka, ke da amfani: halin da aka yaba nan take ya fi saurin maimaituwa, kuma hukunci yana danne hali ne bai koya wa yaro abin da zai yi a madadinsa ba.

Littafin na hannu ma ya wadatar, Piaget bai canza ba. Sai dai a duba shekarar bugu. Matakan tunani shida na Bloom, masanin ilimi na Amurka, sun fito a 1956, aka sake musu fasali a 2001, ƙirƙira ta koma ƙololuwa, don haka bugun bayan 2001 za a nema. A kuma ƙirga shafukan ƙarshe, su suka fi ɓacewa.

Littattafan tsofaffin tambayoyi su suka fi araha, su kuma aka fi rububi, musamman tun da NTC, hukumar kula da aikin malanta ta ƙasa, ta kawo jarrabawar lasisin koyarwa a 2018. Ban raina su ba. Gwada kai da tambaya ya fi maimaita karatu zaunar da abu a ƙwaƙwalwa, kuma tun 1885 Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo. Duk mai tilawa ya san haka. Amma na sha buɗe irinsu in tarar da amsar da aka zagaye ba daidai ba ce, kuma tsarin jarrabawar ya sauya bayan farawarta, alhali tsofaffin bugu na nan a kasuwa. Wasu ma suna koyar da cewa kowane yaro yana da salon koyonsa, wannan da ido, wancan da kunne, a raba su a koyar da kowa ta hanyarsa. Binciken masana bai tabbatar da amfanin haka ba. Wanda ya fara da waɗannan littattafai zai haddace kuskure bai sani ba. A bar su sai jarrabawa ta matso.

Ajin ƙarshen mako kuwa malamin ake saya, ba ajin ba. Roƙi a bar ka ka zauna sau ɗaya kafin ka biya. In yana tayar da ɗalibai su koyar na minti goma a gaban 'yan uwansu sannan a gyara musu, ya cancanta. In karanto takarda yake kuna kwafa, lissafa har da kuɗin mota na wata uku, za ka ga littafin ya fi sauƙi. Zauren WhatsApp ban daɗe a kansa ba. Duk wanda ya ce zai ba ka apo, wato tambayoyin da aka sato, ka toshe lambarsa.

Daga ƙarshe ita da ƙawayenta biyu suka haɗa kuɗi suka sayi littafin na hannu, suna karɓa-karɓa mako-mako. Da canjin ta buga manhajar aji ɗaya zuwa uku, ta sayi littafin rubutu mai kauri, tunda tun shekarar farko ake tura su makarantu su zauna a bayan aji su lura. Na ce ta riƙa rubuta abin da yaro ya faɗa da bakinsa, musamman in ya yi kuskure, sannan ta nemo dalilin a babin da ya dace. Makon jiya ta kira ni ta ce ta gwada kofunan ruwan a kan autansu mai shekara biyar. Ya ce dogon kofin ya fi yawa. Ta mayar da ruwan a gabansa, ya ce yanzu kuma sun zo daidai. Ta rubuta ranar a shafin farko, ta ce za ta sake gwada shi bayan babbar salla.